Orville da Libarbar Suruki

Ku matso ku ji yadda Orville Tackett ya tafi nema wa ɗansa aure da tocila da sukundireba.

A garinmu da ke tsakanin duwatsun Kentucky, da wuya ka sami namijin da zai yarda bai san bindiga ba. Ko wanda rabonsa da harbi tun yana ɗan makaranta, in aka ɗauko zancen sai ya gyara hula ya sa baki. To amma duk cikinsu babu na biyun Orville, mai shagon abincin kaji da na shanu a bakin titi. A faɗarsa, in ya ji ƙarar bindiga daga bayan dutse zai gaya maka ƙirarta da shekarunta, har da ko mai ita bahago ne. Matarsa Nadine ta fi kowa sanin gaskiyar lamarin, amma ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Ita dai ta san bindiga ɗaya ce a gidan, doguwa, gadon mahaifinsa, kuma ranar da ya ɗauko ta zai harbi dilar da ke cinye musu kaji, tankin ruwa ya samu. Sauran iliminsa daga tsofaffin mujallun shagon aski ya haddace shi.

Ɗansu ɗaya ne, Wesley, makanikin tarakta, mai sanyin hali kamar uwarsa. Shi ne ya ga Rosalee, 'yar Harlan Stidham na hayin kogi, ya ji in ba ita ba sai rijiya. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya je ya sami uban a barandar gida, hula a hannu, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Harlan kuwa mutum ne da magana ke yi wa wuya. Tsofaffin bindigogi yake saye ya gyara ya sayar, kuma an ce yakan yi kwanaki yana juya bindiga a hannu kafin ya ce uffan a kanta. Ya saurari Wesley har ya gama, sannan ya ce shi bai san gidansu ba. In ya sani, kuma hankalinsa ya kwanta, zai aiko iyayen su zo cin abincin rana wata Lahadi bayan an taso daga coci.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, shiru kake ji. Wesley ya fara barin abinci a faranti. Nadine tana wanke kwanuka tana kai kukanta ga Allah, tana roƙon in alheri ne Ya sassauta zuciyar bawansa Harlan.

Orville kuwa bai ga abin addu'a a nan ba, shi dabara ya gani. Ya ji labari ran Asabar za a ci kasuwar bindigogi a babban zauren da ake baje kolin shanu, kuma Harlan yana da tebur a can. Da safiyar Juma'a, bayan Wesley ya fita aiki, ya ture kofin gahawarsa gefe ya shimfiɗa wa Nadine shirin. Zai je teburin kamar baƙo, ba zai faɗi sunansa ba. Zai zaɓi tsohuwar ƙaramar bindiga, ya yi mata binciken da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan, har Harlan ya miƙe tsaye ya cire hula ya tambaye shi ko shi wane ne. A nan ne zai ce shi ne uban Wesley. Kafin a yi sallama an sa ranar biki.

Nadine ta ce, "Baban Wesley, da ka bari na aika musu da kek kawai."

Ya ce, "Kek ba ya yanke magana tsakanin maza. Mutumin nan yaren bindiga kaɗai yake ji, da shi zan yi masa magana."

"Kai kana jin yaren?"

"Ni na koya wa rabin garin nan."

Ta san in ya kai nan babu mai juya shi. Sai ta buga waya ga shugabar matan coci, domin su ne ke sayar da faten wake da nama da burodin masara a duk ranar kasuwar, ta ce a sa ta a kan tukunya gobe. In ba za ta iya hana abu faruwa ba, gara tana kusa.

Da yamma Orville ya yi atisaye da na'urar busar da gashinta. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa bakinta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya tsuke baki yana kaɗa kai kamar likitan da ya gano mugun ciwo. Ya haɗa kayan aiki a jaka: tocila, gilashin ƙara girman rubutu, filaya, da sukundireban da yake gyara ƙyauren shago da shi. Fensir ne ya nema bai samu ba, sai ya zura hannu a jakar Nadine ta koyar da yara ran Lahadi, ya zaro ɗaya daga cikin masu ɗan kaurin nan da ake ba ƙananan yara masu koyon rubutu, ja, da sunan cocinmu a jikinsa.

Da gari ya waye maƙwabcinsu Doyle Maggard yana jingine da a-kori-kurar Orville yana jira. Tun suna firamare Doyle bai taɓa bari wani shirin Orville ya wuce shi ba, kamar yadda wasu ba sa bari sabon fim ya wuce su. Nadine ta sa Doyle ya yi alkawari, hannu a ƙirji, ba zai ambaci sunan gidansu a zauren ba ko me ya faru.

A bakin ƙofa akwai ɗan sanda da ke duba duk bindigar da za ta shiga, ya tabbatar babu harsashi, ya ɗaure ta da zaren roba yadda ba za ta tashi ba. Ya tambayi Orville ko yana ɗauke da makami. Orville ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce nasa makamin yana nan ciki.

Doyle ya ce, "Bar shi ya wuce, yallaɓai. Wannan ba sai an ɗaure ba, tun haihuwa babu harsashi a ciki."

Allah cikin ikonsa, rumfar abincin matan coci tana fuskantar teburin Harlan, taku kaɗan ne tsakani. Nadine ta ɗaura ƙyallen girki ta kama ludayi, ta gane shi nan take daga hoton da Rosalee ta taɓa nuna mata: dogo, siriri, farin gemu, yana zaune a kujerar ninkewa, bindigogi jere a gabansa a kan jan bargo, kowace tana sheƙi kamar an shirya ta zuwa coci.

Ko yaro a garinmu ya san ba a taɓa bindigar mutum sai an nemi izini. Orville ya iso da ƙirji a gaba, ya kai hannu ya sure wata tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar hannu mai marikin katako, ya auna nauyinta a tafinsa, ya ce a yanke masa zaren nan, shi ba ɗan kallo ba ne. Harlan ya dube shi daga hula har takalmi. Ya karɓi libarbar, ya yanke zaren, ya buɗe 'yar gangar nan mai ramuka da ake zuba harsashi, ya nuna masa babu komai a ciki, ya miƙa masa.

Da farko Orville ya shinshina ta. Ya ce daga wari kaɗai ya san rabon da a harba ta tun kafin Kirsimeti. Sannan ya kunna tocila ya haska ta baya ya leƙa ta gaba, hasken ya doke shi a ido, ya ja da baya ya taka ƙafar wata tsohuwa mai sayar da zuma. Da idonsa ya washe sai ya sake leƙawa, ya sanar da duk mai kunne cewa bututun a toshe yake, baƙi ƙirin, tsatsa ta gama da shi. Harlan ya miƙa yatsa ɗaya ya ɗauke babban yatsan Orville daga ɗaya bakin. Haske ya ratsa bututun tas kamar madubi.

Orville ya ce, "Yawwa. Gwada ka nake yi."

Mutane sun fara taruwa, domin a kasuwar bindiga an fi son kallon mai ciniki fiye da kayan. Ganin taro ya ƙara masa ƙarfi. Ya juya gangar da yatsa ta yi ƙugi, sannan ya karkaɗa wuyan hannu ya rufe ta da ƙarfi, ƙwas, irin yadda 'yan fim ke yi. Zauren ya yi tsit. Wani tsoho da ke bayansa ya runtse ido kamar an taka masa ƙurji, wani tsohon kuma ya cire hula ya riƙe a ƙirji. A wurinmu wanda ya yi wa libarbar mutum haka, daidai yake da wanda ya shiga gidanka ya shuri karenka. Nadine ba ta san dalilin ba, amma ta ga gemun Harlan ya motsa.

Orville bai lura ba. Ya ɗauko gilashinsa ya bi jikin ƙarfen da kallo, ya nuna inda fenti ya koɗe a gefen baki, ya ce bindiga ba ta ƙarya, tana faɗin halin wanda ya riƙe ta. Wannan, in ji shi, ta yi zama a hannun sakarai, malalaci, wanda ko mai bai san ana sa wa ƙarfe ba. Ya tambayi Harlan a ina ya tsinto ta, don a san gidan da za a guje wa.

Harlan ya ce, "A ƙuguna take tun kafin in yi aure."

Doyle ya juya baya yana tari. Orville ya ce abin da yake nufi ke nan: sakarai ne kaɗai zai ga wannan koɗewar ya ɗauka sakaci ne, shi kuwa ya gane hannun gwani ne ya lashe fentin. Harlan ya ce ashe haka ne.

Nadine ta ɗaga ludayi tana yi masa alama ya saya haka nan su tafi. Ya ɗaga mata gira, wato saura ƙiris. Ya zura hannu a jaka ya zaro jan fensir.

Akwai wani gwaji da tsofaffin masu ciniki kan yi wa bindigar da babu harsashi: a saki fensir a bututun, a ɗaga bakin sama a ja kunama, in fensirin ya yi tsalle an san cikinta da rai. Orville ya karanta wannan a mujallar shagon aski, sai dai shafin da ya faɗi irin fensirin an yage shi. Ya sa jan fensir a bakin libarbar, ya shiga kaɗan ya tsaya. Harlan ya buɗe baki zai yi magana, amma mutumin da bai saba da gaggawar magana ba ina zai riga tafin Orville? Ya doki fensirin da tafin hannu, ya shige rabi, ya cije.

Ya ɗaga bakin sama ya ja kunama. Fensir bai motsa ba. Ya sake ja. Ko gezau.

Ya ce, "Kun gani? Cikinta ya mutu."

Doyle ya ce, "Ko kuwa ta ƙoshi."

Orville ya kama fensirin ya ja, bai fito ba. Ya matse libarbar a tsakanin gwiwoyinsa ya ja da hannu biyu, fuskarsa ta yi ja kamar fensirin. Ya ɗauko filaya ya murɗa, sai ji aka yi ƙaras, tsinin ya karye ya bar guntu a waje, daidai inda aka rubuta sunan cocinmu. Wata daga matan rumfa ta ce wa Nadine ai wannan kamar fensirin 'yan ajinta ne. Nadine ta ce fensir ja yana da yawa a duniya, ta ci gaba da juya wake tana roƙon gafarar Allah a zuci.

Harlan ya miƙe. Wannan ce miƙewar da Orville ya yi mafarki, sai dai hular tana nan a kansa. Ya ce yana da sandar tagulla a mota da zai turo fensirin da ita. Ya dubi Orville ido cikin ido.

"Ajiye ta a kan bargo. Kada ka taɓa komai."

Ya fita. Orville ya ajiye ta, ya sa hannu a aljihu, ya yi ɗan fito. Nadine ta fara sauke numfashi. To amma sai wani daga cikin 'yan kallo ya tambaya da ƙarfi ko gwanin ya gama ke nan, aka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa lalata al'amari. Orville ya ce yanzu za su ga abin mamaki: kafin mai tebur ya dawo zai buɗe ta ta gefe, ya turo fensirin ta ciki, ya mayar ya rufe, mutumin ya dawo ya tarar an gama. Tsohon da ya riƙe hula a ƙirji ya ce masa ɗan'uwa, don girman Allah kada ka yi. Doyle ma, wanda bai taɓa hana shi komai ba, ya ce shi kam wannan karon da an haƙura.

Sukundireban ƙyauren shago ya fi ƙarfin 'yan sukurorin libarba. Ya zame sau biyu, ya bar zane a jikin ƙarfen kamar kaza ta yi tono. Da ƙyar suka kwance. Murfin gefen ya ƙi ɗagowa, sai ya sa bakin sukundireban ya ɓamɓare shi. Ya leƙa ciki, ya ga ƙananan ƙarafuna kwance a kan juna, babu ko ɗaya da ya yi kama da hoton mujalla. Ya taɓa ɗaya don ya ga ko na mene ne.

Wani ɗan siririn sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, bai kai rabin ashana ba, ya yi tsalle ya tashi sama. Duk zauren aka ɗaga kai. Aka gan shi ya ƙyalla a hasken fitila, daga nan babu wanda ya sake ganinsa.

Wani ya ce ya yi hagu, wani ya rantse ya yi dama. Orville ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin teburori da rarrafe, tocila a baki, yana laluben ƙasa tsakanin takalman mutane. Ya ɗago kai a inda bai kamata ba, ya tashi da teburin tsohuwar nan mai zuma, kwalabe suka gangaro, ɗaya ta fashe a gadon bayansa. Ya fito ta ɗaya gefen da zuma da ɓawon gyaɗa manne a gwiwa, tsohuwar tana bin sa da jaka tana tambayarsa ko ƙafarta da ya taka ɗazu ba ta ishe shi ba.

Ana cikin haka wata yarinya ta ce ita ta ga wani abu ya faɗa tukunyar matan coci. Magana ta kai kunnen mai lasifika. Sai ga murya ta cika zauren tana roƙon duk wanda ya sayi faten wake ya dakata da ci, ya duba kwanonsa. Ka ga manyan maza masu gemu, bindigogi a kafaɗa, kowa ya sunkuya yana tona wake da cokalin roba. Masu tauna suka tsaya da baki a cike, sun rasa haɗiyewa za su yi ko tofarwa. Fastonmu, wanda ya riga ya cinye kwano biyu, ya dafa cikinsa ya zauna a hankali yana addu'a.

Daidai nan Harlan ya dawo da sandar tagulla. Ya tsaya a gaban teburinsa. Ga libarbar da ta yi masa rakiya tun samartaka kwance a kan bargo, ciki a buɗe, gefe a zane, guntun jan fensir a baki. Ya daɗe yana kallonta. Ɗan sandan ƙofa ya iso, ya kamo Orville a hannun riga, ya ce masu kasuwa sun ce a fitar da shi, kuma a rubuta sunansa don kada ya sake shigowa. Ya tambaye shi sunansa.

Orville ya saci kallon Harlan, ya yi ƙasa da murya ya faɗa. Ɗan sandan ya ce bai ji ba. Ya sake faɗa. Ɗan sandan ya ɗaga murya ya maimaita wa mai lasifika, mai lasifika kuwa ya manta bai kashe na'urarsa ba. Sunan Orville Tackett ya doki bango huɗu ya dawo.

Harlan ya ce, "Tackett. Wane Tackett ɗin?"

"Ai muna da yawa. Har a hayin dutse akwai wasu, ba mu ma gaisawa."

"Ka san wani Wesley?"

"Na taɓa jin sunan."

Nadine ta ji wannan. Duk abin da ya yi tun safe ta shanye, amma ba za ta tsaya a yi musun ɗanta a bainar jama'a ba. Tun da aka yi shela take tace tukunya da rariya, ludayi bayan ludayi, kuma Allah Ya taimake ta. Ta fito daga rumfa, ƙyallen girki duk miya, ta ratsa taron ta tsaya gaban Harlan, ta miƙa masa cokali. Ga sifirin a ciki, tsakanin ƙwayar wake biyu.

Ta ce, "Mista Stidham, ni ce uwar Wesley. Wannan ubansa ne, ko ya tuna ko bai tuna ba. Shi ma fensirin nawa ne."

Ta gaya masa gaskiya duka, a gajarce: yadda yaron ya daina cin abinci, da yadda uban ya ƙulla shirin don ya burge shi. Ta ce duk ɓarnar da aka yi za su ɗauka, kuma in ya ce kada su sake taka hayin kogi ba za ta ga laifinsa ba. Abu ɗaya take roƙo, kada ya ɗora wa Wesley abin da bai san an yi ba. 

Harlan ya ɗauki sifirin ya goge a jikin rigarsa. Ya tambaye ta shekara nawa suka yi da aure. Ta ce talatin da 'yan kai. Ya tambaya ko kullum haka yake. Ta ce a'a, wani lokaci yana barci.

Ya juya ga Orville ya ce ya ɗaga hannuwansa. Orville ya ɗaga, zuma tana ɗiga daga gwiwar hannu. Harlan ya bi yatsun da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda ya ɓace. Ya tambayi Nadine na ƙafa fa. Ta ce suna nan cif. Ya tambaya ko gidan da suka fara zama a ciki yana tsaye har yanzu. Ta ce yana tsaye, ɗakin ajiya ne kaɗai ya ƙone, shi ma rabi.

Harlan ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ni in aka kawo min tsohuwar bindiga, ba na tambayar sau nawa ta faɗi ƙasa. Wanda ke tsince ta yana gogewa nake so in gani. Matar da ta riƙe wannan shekara talatin, ko yatsa bai rasa ba, in ita ta raini yaron, na gama bincike. Ku zo gobe bayan coci. Rosalee za ta soya kaji."

Nadine ta rufe fuska da ƙyallen girki. Matan rumfa suka ce amin, Fasto ma ya ce amin daga inda yake zaune, da ya ji ba a cikinsa sifirin yake ba.

Sai Harlan ya gindaya sharuɗɗa. Orville zai zauna a ƙarshen tebur, nesa da kabad ɗin bindigogi, kuma jakarsa za ta kwana a gida. Libarbar kuwa ya saye ta ke nan, domin wanda ya buɗe cikin bindiga shi ke da ita. Ya tattara ƙarafunan a cikin ledar burodi ya miƙa masa, fensir yana nan a baki, ya ce ba zai cire ba, haka ta fi lafiya ga jama'a. Sifirin kuwa Nadine ya ba, ya ce ta adana inda mijinta bai sani ba.

A hanyar gida Doyle ne ya karɓi tuƙi, domin Orville ya manne da kujera.  Da suka hau gadar kogi sai Orville ya gyara murya, ya ce shi dai a duba, mako nawa aka yi ana addu'a shiru, shi ya je rana ɗaya ya dawo da gayyata. Ya ce dama ya faɗa, mutumin nan yaren bindiga kaɗai yake ji.

Doyle ya buɗe baki, Nadine ta taɓa masa kafaɗa. Ta ce, "Haka ne, Baban Wesley. Allah Yana aiki da abin da Ya ga dama."

Orville ya gyaɗa kai, ya ɗauka yabo ne. Daga nan ya fara bayyana musu yadda zai gasa naman biki da kansa, a wani irin murhu da ya gani a mujalla.